Tsakanin Hausa Da Turanci, Ina 'Ya'yanmu Suka Tsaya?

  Ni malamar Islamiyya ce a Dingaya, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, kuma uwar 'ya'ya huɗu. Ban saba ɗaukar biro in rubuto wa mujalla ba, to amma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun watan Nuwamba na 2025, wadda har ta sa ni da maigidana muka yi kusan mako guda muna musu a kanta bayan sallar isha'i. Na ga ya kamata in kawo ta gabanku, domin ta shafi duk wadda take da ɗa ko 'ya a firamare.

A ranar 12 ga watan, Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro a Abuja cewa gwamnati ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa. Daga nan gaba, in ji shi, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Hujjarsa ita ce yankunan da suka fi rungumar harshen gida a aji su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Mu nan Arewa ba mu bukaci a yi mana fassarar wannan magana ba, kowa ya san inda aka dosa. Ina tankaɗe lokacin da na ji labarin a rediyo, na ajiye rariyar na ƙara murya. Maigidana kuwa cewa ya yi, "Madalla, an daɗe ba a yi abin kirki irin wannan ba."

Kafin in faɗi yadda muka kwashe da shi, bari in ba ku labarin wata ɗalibata, wadda ba zan kama sunanta ba.

Shekarunta 11, tana aji biyar a makarantar boko, da yamma kuma tana zuwa wurinmu. A ajina babu wadda ta kai ta fahimtar fiƙihu. Idan na tambayi farillan alwala za ta jero su bakwai cif kamar yadda suke a Ahalari, kuma ba jerowa kawai ba, za ta gaya miki abin da ya sa wadda ta manta shafar kai sai ta koma, wadda kuwa ta manta shafar kunne sallarta ta yi. Da safe kafin makaranta tana kai wa mahaifiyarta tallan ƙosai, kuma ban taɓa jin an ce ta yi kuskuren canji ba. Ke dai yarinya mai kaifin kwanya, irin wadda kowace uwa take roƙon Allah Ya ba ta.

Wata rana muka rubuta wa iyaye takardar gayyata zuwa taro, da Hausar boko, layi huɗu kacal. Na miƙa mata na ce ta karanta wa 'yan aji. Ta riƙe takardar, ta zuba mata ido, ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyawa. Can ta ce a hankali, "Malama, ba a koya mana wannan ba." Na yi zaton kunya ce. Bayan an tashi na tsayar da ita na ce ta nuna mini littafinta na boko. Wallahi rubutu kamar an buga da inji, shafi bayan shafi cike da Turanci, babu ko gogewa. Na buɗe wani darasi a kan sassan tsiro, na ce ta karanta. Sai ta ɗauke kai daga littafin ta rero mini shi da ka, tiryan-tiryan. Na fita na tuge wani ɗan tsiron rama da ya rage a gindin danga, na ce to nuna mini wanne ne wannan kalma ta farko da kika faɗa. Ta yi shiru. Kalmar kuwa ba komai take nufi ba illa saiwa. 'Yar manomi, wadda ta taso tana cirar gyaɗa, wadda ta san saiwa da kara da ganye da fure tun kafin ta yi wayo, an mai da ita baƙuwa a abin da ta fi mai littafin sani.

Wannan yarinya ba a koyar da ita da Hausa ba, domin da an yi, da ta karanta layi huɗun nan. Ba a kuma koyar da ita da Turanci ba, domin da an yi, da ta san saiwa idan an kira ta da sunan Bature. Abin da ake yi a yawancin azuzuwan karkararmu shi ne malami ya kwafe darasi daga littafin Turanci zuwa allo, yara su kwafe daga allo zuwa littafinsu, idan akwai sauran lokaci ya ɗan yi bayani da Hausa da baki, sannan ranar jarrabawa tambaya ta zo da Turanci. Hausar tana tashi a iska, Turancin yana kwance a takarda, ba su taɓa haɗuwa a kan yaro ba. Ban faɗi haka don in ci zarafin malaman boko ba, da yawansu tare muka yi karatu, na san halin da suke ciki. Mutum ɗaya a gaban yaran da ko sunayensu ba zai iya riƙewa ba saboda yawa, wasu a zaune a ƙasa, littafi ɗaya a hannunsa, me kike so ya yi?

Shi ya sa da na ji an ce harshen uwa ne ya kashe ilimi, na tambayi kaina, yaushe aka gwada shi har ya kashe? Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen da ake yi a garinsu a shekarun farko na firamare, kafin a koma Turanci. A ƙarshen Nuwamba na 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, aka ƙara wa'adin ya zama dukkan shekaru shida na firamare, kuma shi da kansa ya faɗa a lokacin cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Ni dai a shekaru ukun da suka biyo baya ban ga littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa a jakar ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan wancan tsari, ko aji huɗu bai kai ba aka soke shi. Waɗanda suka zauna WAEC a 2025 kuwa sun bar firamare tun kafin a yi maganarsa. Na san Minista yana nufin al'adar da aka daɗe ana yi ta yin bayani da harshen gida, ba tsarin 2022 kaɗai ba. To amma bayani da baki ba tare da littafi ba, ba tare da an koya wa yaro karanta harshen da rubuta shi ba, ba shi ne koyarwa da harshen uwa ba. Dabara ce ta malamin da ya ga yara sun yi masa zuru. Idan aka hana shi wannan ma, abin da zai rage shi ne zurun.

Yanzu bari in yi wa maigidana adalci, domin maganarsa tana da nauyi, kuma ta taɓa ni a inda yake mini ciwo.

Ya ce da ni, "Malama, ki dubi masu wannan surutu na kishin Hausa. Ina 'ya'yansu suke karatu? Suna makarantun kuɗi a Dutse da Kano da Abuja, inda ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa a aji. Su nasu su tashi da Turanci, su ci JAMB, su zama likitoci, mu namu a bar su da Hausa su zama masu yi musu gadi." Ya ce babu jami'ar da za ta ɗauki yaro ba shi da kiredit a Turanci, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Duk mai rubuta JAMB, ko Larabci zai karanta, dole ya amsa takardar Turanci. 'Yarmu ta fari tana cewa ita ungozoma za ta zama, to makarantar koyon aikin jinya da ke nan Birnin Kudu da wane harshe za a karantar da ita? Takardar magani da wane harshe take zuwa?

Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, domin ni ganau ce. Sau biyu na zauna jarrabawar gama sakandare kafin in sami kiredit a Turanci. Da na shiga kwalejin ilimi, zangon farko kuka na riƙa yi a ɗakin kwana. Malami zai shigo ya yi lakca ta awa biyu a kan yadda ƙwaƙwalwar yaro take koyon abu, ni kuwa tawa ƙwaƙwalwar ba ta kama ko rabi ba. Sai in sayi handawut in haddace shi kamar yadda na haddace Arba'una Hadisi, in je in juye a takarda. Ranar da aka juya tambaya aka ce mu yi bayani da misali daga garinmu, na faɗi warwas, sai da na maimaita kwas ɗin. Wata 'yar ɗakinmu ce ta cece ni, 'yar birni mai haƙuri, kullum da dare ta zauna ta warware mini lakcar da Hausa. Abin mamaki, da na fahimci abin da ake nufi, sai Turancin ma ya fara zauna mini. Na sami takardar NCE ɗina da Turanci, amma ta ƙofar Hausa na shiga. Wannan shi ne abin da na yi ta ƙoƙarin nuna wa maigidana: ni ma so nake 'ya'yana su iya Turanci, har su fi ni nesa ba kusa ba. Saɓaninmu a kan hanya ne kawai.

Kuma ba ni na fara ganin haka ba. A kwaleji an karantar da mu labarin gwajin da marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970. An ɗauki wasu yara aka koyar da su komai da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka mai da shi darasi mai zaman kansa a hannun malaman da suka ƙware a kansa. Da aka gwada su da takwarorinsu da aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza a Turancin ba, a wasu darussan ma sun yi fice. Amma ku lura da abin da aka yi kafin a sami wannan sakamako. An zauna an rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, an horar da malamai, an kuma ba Turanci haƙƙinsa. Mu kuwa sanarwa muke yi a Abuja, mu soke ta a Abuja, allo da alli suna nan yadda suke. A nan kusa da mu, maƙwabtanmu na Jihar Bauchi da kuma Sakkwato sun yi shirin Mu Karanta, inda aka buga littattafan koyon karatu da Hausa don 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ashe abin ba gagara ya yi ba. A 2021 ma Bankin Duniya ya fitar da rahoto cewa kusan kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasashe masu tasowa ana koyar da su ne da harshen da ba su ji, ya kuma ba da shawarar a fara da wanda suke ji. Maƙwabciyarmu Nijar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, a shekarar da mu muke fitar da ita daga aji.

Akwai kuma wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Idan yaro ya san baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba, bi, bu, to ya kama hanya, abin da ya rage sai ƙ da ɗ da ɓ da 'yan uwansu. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, wani ma a rubuta shi a ce kada a furta. Yaron da ya fara gane sirrin haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi, idan ya zo Turanci haruffan dai su ne, aiki ɗaya ya rage masa, wato koyon sabon harshe. Wanda aka fara da Turanci kuwa an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, ga koyon karatu ga koyon harshe, ga shi a gida babu mai yi da shi. Iyayenmu da suka yi Ka Koyi Karatu da ajin yaƙi da jahilci, da yawansu aji huɗu kawai suka yi, amma suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, suna rubuta wasiƙa. Kawuna har ya rasu shi yake rubuta wa rabin unguwarmu wasiƙa.

Mu malaman addini ya kamata mu fi kowa gane wannan. Karatun zaure tun kaka da kakanni da fassara ake yin sa. Almajiri ya karanto Larabci, malam ya fasa masa da Hausa ko Fulatanci, kalma bayan kalma, daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya zuwa Risala. Da haka aka sami malaman da suka rubuta littattafai da Larabcin da Larabawa suke girmamawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci ƙwarai, amma da ta tashi ilimantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru, da Hausa da Fulatanci ta yi musu waƙoƙin karatu. Duk wadda ta karanta Suratu Ibrahim kuma ta san abin da aya ta huɗu ta faɗa game da harshen da ake aiko manzanni da shi.

Sai dai kada in tsaya ina nuna boko da yatsa, sauran yatsun suna kallona. Mu ma a Islamiyya muna da irin wannan ciwo. Sau nawa muke tsayar da yarinya ranar walima ta zubo hadisi ashirin da Larabci, iyaye suna kabbara ana liƙa mata kuɗi, alhali idan aka ce ta faɗi abin da hadisi ɗaya yake nema daga gare ta a cikin gidansu, sai ta kama wasa da bakin hijabi? Hadda tana da matsayinta, musamman ta Alƙur'ani, ba na jayayya da wannan. Amma mun bar ta ta mamaye tauhidi da fiƙihu da sira, waɗanda fahimta ake nema a cikinsu. Ranar da na tuge tsiron ramar nan, ban yi barci da wuri ba, domin na tuna yaran da ni ma na yi wa irin abin da nake zargin wasu da shi.

Akwai wani wurin kuma da maganar ta fi ƙarfina. A ajina akwai yaran rugage da suke zuwa da Fulatanci a bakinsu, Hausar ma a wurinmu suke ƙarasa koyonta. Idan an ce harshen uwa, su nasu wanne ne? Nijeriya tana da harsuna sama da 500, kuma aji ɗaya a Sabon Garin Kano ko Legas zai iya tara goma daga cikinsu. A irin waɗannan wurare na yarda akwai wahala ta gaske. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki matsalar Legas a yanke wa Dingaya hukunci da ita, garin da daga masallaci har kasuwar Sara da Hausa ake komai. Ƙaramar Ministar Ilimi da aka naɗa a 2024, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar Jigawa ce, ta kuma shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, saboda haka ta san irin malaman da ake yayewa da irin azuzuwan da ake tura su. Da zan sami zama da ita, abu ɗaya zan roƙa: ko da wane harshe aka tsaya a kai, a fara tabbatar da cewa malamin da zai shiga aji ɗaya ya iya shi, kuma an koya masa yadda ake koya wa yaro karatu. Domin idan aka ce Turanci zalla alhali malamin kansa da ƙyar yake haɗa jimla, to an canja suna ne kawai, kwafe allo yana nan.

Ni dai ban jira Abuja ba. Na nemi izinin shugaban makarantarmu, na ware minti goma sha biyar a ƙarshen darasi, ranar Asabar da Lahadi, ina koya wa 'yan ajina karatun Hausar boko. Ba ni da littafi, kwalin sabulu nake yankawa in rubuta gaɓoɓi a kai. Wasu iyaye sun yi ƙorafi, wani uba ma ya aiko cewa shi karatun addini ya kawo 'yarsa, ba boko ba. Na aika masa da amsa cikin ladabi cewa tarjamar Alƙur'ani ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da wannan rubutun aka buga ta, kuma ina so 'yarsa ta iya buɗe ta da kanta. Bai sake magana ba. Ba zan ce muku duka yaran sun iya ba, wasu har yanzu suna rikita b da d. Amma ɗalibar nan tawa cikin wata uku ta fara karanta wa mahaifiyarta saƙon waya, wanda a da sai an kai wa wani yaron maƙwabta ya ji sirrin gida.

A gida kuma na canja tambayar da nake yi wa nawa. Da nakan ce, "An ba ku aiki?" in duba in ga jan biro, shi ke nan. Yanzu cewa nake, "Rufe littafin, gaya mini da Hausa me aka koya muku yau." 'Yar uwa, ko ba ki taɓa shiga aji ba za ki iya yin wannan tambaya, kuma daga amsar za ki gane ko ɗanki karatu yake yi ko zanen haruffa. Idan an kira taron iyaye a makaranta kuma, kada mu bar wa maza su kaɗai, mu ne muke ganin littattafan nan kullum.

Maigidana har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma ban sauka daga nawa ba. Amma kwanakin baya ya je Birnin Kudu, ya dawo da baƙar leda ya ajiye a kan tabarma. Na buɗe na ga littafi biyu, Magana Jari Ce na ɗaya da wani ɗan ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa. Ya ce, "Ga naki, ga nawa, sai mu ga wanda zai riga." 'Yarmu ta biyu, mai aji uku, ita ta fara kai hannu, ta ɗauki mai labarin aku ta koma bakin ƙofa inda haske yake. Da yatsa take bi, tana motsa baki, idan ta ci karo da kalma mai tsawo ta ƙwala mini kira daga can. Jiya da na duba, ta sa tsinken tsintsiya a shafi na tara.